Katangar Kwana ta 27

Ranar Alhamis, 2 ga Disamba 2021, muna idar da sallar Asuba muka fita daga Riyad, ni da abokina Badamagare, a wata tsohuwar Camry da na aro wajen maigidana. Shekara shida ke nan ina tsaron shagon kayan gyaran mota a Sina'iyya, shi kuma tirela yake ja tsakanin Riyad da Damam. Hausa da tuwo ne suka haɗa mu, tseren motoci na Formula 1 ya raba mu. Ni na Lewis Hamilton ne tun ina Kano, tun zamanin da sai mun roƙi mai gidan kallon ƙwallo ya juya mana tasha kafin a fara Firimiya. Shi kuwa a tashar Faransanci ya koyi kallon a Zinder, kuma ya riƙe Max Verstappen kamar cikinsu ɗaya. Ga wasan Kanawa da Damagarawa da muka gada, ga wannan a kai. Wanda duk ya zauna tsakaninmu ya sha surutu.

A shekarar ce aka fara kawo tseren ƙasar Saudiyya, aka shimfiɗa masa titi a bakin teku a Jidda. Saura tsere biyu a rufe kaka, Verstappen na da maki 351.5, Hamilton na da 343.5. Rabin makin nan da ke maƙale jikin kowannensu daga Beljiyam ya samo asali, inda ruwan sama ya hana tsere a watan Agusta, aka ɗan zaga a bayan motar jagora, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu in akwai haɗari, aka raba rabin lada aka watse. Tazarar maki 8 ba wani abu ba ce a wannan wasa, tunda na ɗaya 25 yake kwasa, na biyu 18, ga kuma maki ɗaya da ake ba wanda ya yi zagaye mafi sauri a lokacin. Shekara da shekaru muna kallo ta akwati, yau abin ya biyo mu ƙasar da muke ci-rani. Badamagare ya ce ko albashin wata zai tafi sai ya je. Ni ma na saya, amma har gobe matata ba ta san kuɗin tikitin nan ba.

Daga Riyad zuwa Jidda tafiyar kilomita kusan 950 ce. Da ka gangara tsaunin Tuwaiƙ, ka wuce Muzahimiyya da Ƙuwai'iyya, shi ke nan sai fili fetal, titi a miƙe kamar an ja zare, shingen waya hagu da dama don tare raƙuma, gidan mai jefi-jefi da masallacinsa da mai shayinsa. An yarje wa ƙaramar mota ta yi 140 a awa. Da babu abin kallo sai muka buɗe kotu.

Shi ya fara shigar da ƙara. "Bakano, tsakaninka da Allah," in ji shi, "mutum ya watsa ka katanga, a ɗauke ka zuwa asibiti, a ce hukuncinsa daƙiƙa 10, ya je ya cinye tseren yana ɗaga tuta. Wannan shari'a ce?" Silverstone yake nufi, a Ingila, watan Yuli. Na ce to ya ba ni labarin Monza a Italiya, inda motar mutuminsa ta haye ta Hamilton, tayarta ta sauka daidai kansa, ba don ƙarfen kariyar da ke kewaye da mazaunin direba ba da wani zancen ake yi, ya fito ya kama gabansa ko waiwaye babu, aka ce a mayar da shi baya gurbi 3 kacal a tsere na gaba. Ya ce ai shi ma an hukunta shi ke nan. Na ce to Burazil fa? A can aka soke wa Hamilton sakamakon neman gurbi, wato gwajin da ke tsara inda kowa zai tsaya a tashi, gaba ɗaya saboda ƙofar fiffiken bayan motarsa ta buɗe fiye da milimita 85 da doka ta yarda, da abin da bai kai kaurin farce ba. Ya tashi daga can ƙarshe a gajeren tseren Asabar. Ranar Lahadi kuma, a zagaye na 48, Verstappen ya kwashe shi suka fita daga titi su biyu, alƙalai suka ce ba su ga abin bincike ba. Badamagare ya ce ai a Burazil ɗin aka ci mutuminsa tarar yuro 50,000 don kawai ya shafa fiffiken motar Hamilton da hannu, sannan a Ƙatar, mako biyu da suka wuce, aka mayar da shi baya gurbi 5 don bai rage gudu ba da aka kaɗa tuta ruwan ɗorawa.

Muna cikin haka, kowa na rantsuwa an zalunci nasa, sai ga allo a gefen hanya ɗauke da sunan garin da za mu shiga: Zalm. Muka dubi juna muka fashe da dariya. A nan muka sha mai, muka ci kabsa, shinkafa da naman Larabawa, muka yi sulhun da bai kai La'asar ba.

Su waɗannan alƙalan da muke ta zagi, hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ce ke naɗa su, mutum huɗu a kowane tsere, ɗaya daga ciki tsohon direba, kuma ana sauya su daga ƙasa zuwa ƙasa. Suna zaune a ɗaki da hotuna ta kowace fuska da bayanan birki da totur na kowace mota. Daban da su akwai daraktan tsere, wanda a lokacin Michael Masi ne, ɗan Ostareliya, da ya gaji kujerar bayan rasuwar Charlie Whiting a 2019. Shi ke fito da motar jagora, shi ke ba da umarnin a kaɗa jan tuta a tsayar da tsere, amma yanke hukunci ba nasa ba ne, nasa ya miƙa musu. Na ja wannan bayani ne don ranar Lahadi a nan gizo ya yi saƙa.

Tunda hanya ta bi da mu ta Ɗa'ifa, ba ma wuce Makka haka nan. Mun riga mun nemi izinin Umra ta waya, kamar yadda dokar korona ta tanada a lokacin. A Sailul Kabir muka ɗaura harami, cikin dare muka yi ɗawafi da sa'ayi. Wannan ne ma ya ba ni bakin magana da Hajiyata ta kira daga Kano tana tambaya, wai da gaske ne na bar aiki na tafi kallon mota a ƙasa mai tsarki? Na ce Umra na zo, Hajiya, motar a kan hanya take.

A Jidda gidan Kawu muka sauka, ɗan uwan Hajiyar ne, ya fi shekara arba'in a ƙasar, ya yi ta jan bas ɗin alhazai har idonsa ya gaza. Unguwar tasu tsohuwa ce, lungu-lungu, in ka rufe ido ka saurara sai ka rantse a Fagge kake, sai dai Hausar yaran rabinta Larabci ne. Da daddare ƙaramin ɗansa ya fita ya dawo da nama a takarda, ya sha ƙuli da yaji da albasa. Ya ce sunansa siriyya, abincin mutanen Hijaz ne. Na ce yaro, wannan tsire ne, kakanninka suka zo da shi a ƙafa. Shi yaron ba ruwansa da tseren mota, ɗan ƙwallo ne, Ittihad ce ƙungiyarsa, amma wurin aikinsu an ba shi tikiti, don haka muka zama mu uku.

Ranar Asabar da yamma muka nufi bakin teku. Mota ba ta zuwa kusa, a wani fili ake ajiyewa a hau bas, a ƙofa kuma sai ka nuna shaidar rigakafin korona a manhajar Tawakkalna kafin a dubi tikitinka. Da gani ka san aikin gaggawa ne, ƙasa da shekara guda aka yi ana gina wurin, wani gefen har lokacin ƙurar siminti ce da kwalta mai ɗanyen wari. Amma titin kansa abin tsoro ne. Tsawonsa kilomita 6.174, kwana 27, siriri kamar maciji ya miƙe a gefen Bahar Maliya, katanga hagu katanga dama, ba ciyawa ba yashin da mota za ta faɗa ta tsaya. Duk da haka matsakaicin gudunsu a zagaye ya haura kilomita 250 a awa. Yawancin kwanonin ba ka ganin abin da ke bayansu sai ka shiga. Jiya-jiyan nan, ranar Juma'a, Charles Leclerc ya ragargaza Ferrari a kwana ta 22.

Inda kuɗinmu ya kai mu, abin da muke gani na titin bai fi a ƙirga uku ba. Mota za ta ɓullo, tartsatsin wuta na tashi a ƙarƙashinta, kafin ka ce wace ce ta ɓace, ta bar maka ƙara a ƙirji da warin roba. Sauran duk a babban allo ne da ke gabanmu. An ce gani ya kori ji, amma a wurin nan wanda ke kwance a ɗakinsa a Kano ya fi mu sanin abin da ake ciki. Ƙanena ne ya zama idonmu, yana kallo a talabijin yana turo mini saƙo.

Shi ya fara gaya mini, muna fitowa daga sallar Magariba, cewa alƙalai sun kira Hamilton kan laifi biyu a gwajin ƙarshe. Na farko wai bai rage gudu ba a tuta ruwan ɗorawa, irin laifin da ya ci Verstappen gurbi 5 a Ƙatar. Na biyu ya tsaya wa Nikita Mazepin a hanya, saura ƙiris su yi mummunan karo. Badamagare ya gyara hula ya ce yau za a ga adalci. Kafin a fara neman gurbi hukunci ya fito: na farkon ba laifi, domin fitilar gargaɗin an kunna ta ne bisa kuskure kuma ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, na biyun an ja masa kunne, an ci ƙungiyarsa Mercedes tarar yuro 25,000. Badamagare ya ce, "Ka gani ko? Ɗan sarki ba ya laifi." Ban tanka ba, don a raina na san in da Verstappen ne aka sallama haka da ni ma abin da zan faɗa ke nan.

Ƙarfe 8 na dare aka fara. Yadda ake yi a lokacin, mota 20 ke fita na minti 18, a zubar da biyar mafi nawa. Sai minti 15, a sake zubar da biyar. Goman da suka rage su yi minti 12, wanda ya fi kowa saurin zagaye ɗaya shi ke tsayawa a gaba ranar tsere. Ba gudu ake da kowa ba sai agogo. A titi irin na Jidda kuwa tsayawa a gaba rabin nasara ce.

A zangon ƙarshe Verstappen ya fara ajiye 1:27.653, ya hau sama. Hamilton ya fito ya yi 1:27.511, abokin aikinsa Valtteri Bottas ya shiga tsakaninsu da 1:27.622. Na miƙe ina ihu, na ɗauka an gama. Ashe Verstappen na kan titi, shi ne na ƙarshe, lokaci ya ƙare amma zagayen da ya fara nasa ne.

Ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba, kuma da bakin mai ƙinsa nake faɗa. Tun kwanonin farko bayan motar ya zame ya kusa sumbatar katanga, bai ɗaga ƙafa ba. Ya bi ta cikin lanƙwasar nan masu sauri yana shafa bango kamar mai neman makunnin fitila a duhu. A allo lambar ɓangaren farko ta fito, ya fi Hamilton. Ta biyu ta fito, ya ƙara nisa, abin ya doshi kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, wanda a wannan sana'a tazara ce mai yawa. Wurin ya yi wani irin shiru duk da dubban mutane. Na tsinci kaina na dafe kafaɗar Badamagare, ban san lokacin da na yi ba, kuma wallahi a daƙiƙun nan so nake ya ƙarasa. Saura kwana ɗaya, ta 27, mai lanƙwasa hagu kamar ƙugiya, daga ita sai miƙaƙƙen titi zuwa layi. Ya taka birki, tayar gaba ta hagu ta ƙame ta yi hayaƙi, motar ta buɗe ta yi waje. Wani da ya haƙura ya karɓi na biyu. Shi sai ya danna totur. Tayar baya ta dama ta daki katanga, ƙafar motar ta karye, ya ja ta 'yan mitoci ya tsaya.

Aka nuno mahaifinsa Jos a gareji yana dukan tebur. Badamagare ya zauna a hankali, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na buɗe baki zan yi masa tsiyar da na tanada tun Riyad, na ga ba ta da daɗi, na mayar. Hamilton na ɗaya, Bottas na biyu, Verstappen na uku, Leclerc na huɗu, Sergio Perez na biyar.

Abin da na lura da shi a bas ɗin komawa, cike da Larabawa da Indiyawa da 'yan Holan masu rigar ruwan lemo, babu mai musu. An yi ta jimami, an yi ta jinjina, amma ba wanda ya ce an cuci wani. Katangar ba ta san ɗan Ingila ba, ba ta san ɗan Holan ba, ba ta kira kowa ya zo ya kare kansa ba, kuma ba a ɗaukaka mata ƙara. A duk kakar nan wannan ne hukunci na farko da ni da Badamagare muka karɓa baki ɗaya.

A gida muka tarar da Kawu bai kwanta ba, yana kan darduma da carbi da butar shayi. Muka baje masa lissafi. Damuwar Badamagare giyabos ce: in dukan nan ya taɓa ta har sai an sauya, za a mayar da mutuminsa baya gurbi 5, ya tashi na takwas. Damuwata kuma jan kunnen da aka yi wa Hamilton shi ne na biyu a shekarar, na uku gurbi 10 ne. Na ɗauko bayan kwalin shayi ina rubutu. In Verstappen ya fi Hamilton da maki 18 gobe, ya zama zakara tun a Jidda, wato ya yi na ɗaya da zagaye mafi sauri, Hamilton ya ƙare na shida ko ƙasa. In kuwa Hamilton ya yi na ɗaya da zagaye mafi sauri, Verstappen na biyu, to 26 da 18 ne, tazarar 8 ta goge, a tafi Abu Dabi kunnen doki. Ɗaya ɗan shekara 36 yana neman kambu na takwas ya wuce Michael Schumacher mai bakwai, ɗaya ɗan 24 yana neman na fari.

Kawu ya saurara har muka gaji, sannan ya ce, "To ni ɗana, abin da ban gane ba, a sukuwar da na sani dokin da ya riga isowa shi ya ci. Ku kuma tun ɗazu ba na jin sunan doki, sai alƙali." Na ce Kawu ai dokokin ne da yawa. Ya ce shekara talatin yana tuƙi tsakanin Makka da Madina, bai taɓa ganin direban da ya ce shi ne da laifi ba, shi ya sa ake ajiye ɗan sanda, amma ɗan sandan da ya yafe maka jiya ba shi da bakin kama ka yau. Badamagare ya ce, "Baba, ai maganar ke nan," ni ma na ce maganar ke nan, kowa na nufin abokin hamayyarsa.

Lahadi giyabos ta tsira, ba a sauya ba. Kafin tsere aka yi shiru na girmama Frank Williams, wanda ya kafa ƙungiyar Williams, da ya rasu mako guda kafin nan. Ƙarfe 8:30 fitilu suka mutu, zagaye 50 a gaba. Tara na farko lami lafiya, Hamilton, Bottas, Verstappen, har na fara tunanin kuɗina. A na 10 Mick Schumacher ya daki shinge a wajen kwana ta 22, aka fito da motar jagora. Motocin Mercedes biyu suka shiga gareji suka sauya taya, Verstappen ya ƙi shiga, ya zama na gaba. Can sai ga jan tuta, wai za a gyara shingen. Doka kuwa ta ce in an tsayar da tsere kowa na iya sauya taya a tsaye. Wato ya sami gaba, ya sami sabuwar taya, bai biya ko daƙiƙa ba. Yanzu ni ne mai kiran zalunci, Badamagare na cewa rabo ne, Bakano, rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Aka sake jera su. Hamilton ya fizga ya riga shi isa kwanar farko, Verstappen ya bi ta waje, ya yanke ta bayan layi ya dawo gabansa, Esteban Ocon na Alpine ya sami kafa ya wuce Hamilton. A baya kuma aka yi karo, Perez da George Russell da Mazepin duk suka fita. Jan tuta na biyu.

Muna zaune motoci na gareji, ba mu san me ake jira ba, sai saƙon ƙanena ya shigo: "Yaya, ciniki ake yi." Na ce cinikin me? Ashe a talabijin ana jin muryar Masi yana magana da Jonathan Wheatley na Red Bull, ƙungiyar Verstappen, ta rediyo. Ya yi musu tayi: ku yarda Verstappen ya koma baya a sabon jeri, in ba haka ba in miƙa wa alƙalai. Da farko ma gurbi na biyu ya ambata, kamar ya manta da Ocon. Suka ce bari su yi shawara. Suka dawo suka ce sun karɓi na biyu in dai Ocon ne a gaba. Ya ce a'a, nufinsa bayan Hamilton, wato na uku. Suka sallama. Na karanta wa Badamagare, ɗan Kawu na leƙe ta kafaɗata. Yaron ya ce, cikin Hausarsa mai gauraye, wannan ai irin cinikin Balad ne, tsohuwar kasuwar Jidda, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama.

An ce daga baya wai irin wannan tayi ba sabon abu ba ne, an saba yi, jin sa a fili ne sabo. Wataƙila. Amma ni ɗan kasuwa ne, na san abin da ake ciniki a kansa farashinsa bai tsaya ba. In ya yi laifi a hukunta shi, in bai yi ba a bar shi a gaba. Da ka tambayi mai laifi ko hukuncin ya yi masa, ka koya wa kowa cewa gobe ma a gwada.

Aka jera su karo na uku, Ocon, Hamilton, Verstappen. Red Bull ta sa masa taya mai matsakaicin laushi, Hamilton na kan mai tauri. Fitilu na mutuwa ya kutsa ta ciki, motoci uku a jere a kwana ɗaya, ya fito a gaba. Wannan kam tsaf ya yi shi, ba abin cewa. Hamilton ya wuce Ocon ya bi shi, aka yi ta ja, ana ta rage gudu don kwashe tarkace a titi.

Sai zagaye na 37. Hamilton ya kawo kai a kwanar farko, Verstappen ya ƙi ɗaga ƙafa, ya fita daga titi ya riƙe gaba. Aka ce masa ya mayar da gurbin, amma da dabara. Dabarar ita ce, a dokar lokacin, dab da kwana ta 27 akwai wani layi a titi. Motar da ta tsallaka shi tana bayan wata da ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ita ke da izinin buɗe fiffikenta na baya a miƙaƙƙen titin da ke gaba, ta sami ƙarin gudu. Saboda haka kowa so yake ya zama na baya a kan layin nan. Verstappen ya rage gudu don Hamilton ya wuce kafin layin. Hamilton, wanda saƙon bai riga ya iso masa ba, kuma shi ma ba yaro ba ne, ya ƙi wucewa, ya lafe a bayansa. Motoci biyu mafi sauri a duniya suna ta jan ƙafa kamar masu rakiyar amarya. Verstappen ya taka birki, Hamilton ya kauce bai gama kaucewa ba, ya daki bayansa, gefen fiffiken gabansa ya tashi.

Mu a wurin ba mu fahimci komai ba. Mun dai ga allo, mun ji ihu, aka nuno Toto Wolff, shugaban Mercedes, yana fyaɗa abin sauraronsa a tebur. Wani Balarabe a bayana yana ta faɗin haram, haram, ban san wa yake nufi ba, ina jin shi ma bai sani ba. A zagaye na 42 Verstappen ya ba da hanya, ya ƙwace nan take. Aka sanar an ƙara masa daƙiƙa 5. A na 43 Hamilton ya wuce, wannan karon bai dawo ba, tayoyin Verstappen sun riga sun cinye. Da karyayyen fiffiken nan Hamilton ya yi zagaye mafi sauri. A kan layin ƙarshe Bottas ya fizge na uku daga hannun Ocon da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, abin tausayi, yaron ya yi tseren rayuwarsa.

Aka yi wasan wuta a kan teku. Mutumina ya ci, lissafin bayan kwalin shayi ya fito daidai, 369.5 da 369.5, abin da ba a gani ba a tseren ƙarshe tun 1974, zamanin Emerson Fittipaldi da Clay Regazzoni. Ya kamata in yi murna fiye da yadda na yi. Gajiya na ji, irin ta wanda ya wuni a kotu.

Muna gida, dare ya raba, muna cin ragowar siriyya, sai ga hukuncin ƙarshe. Alƙalai sun duba bayanan motar sun ga Verstappen ya taka birki da ƙarfi farat ɗaya, suka ce shi ne mafi yawan laifi, suka ƙara masa daƙiƙa 10. Bottas na can baya da nisa, don haka na biyun nasa bai motsa ba. Badamagare ya ce an mayar da mutuminsa saniyar ware, hukunci biyu a dare ɗaya. Na ce hukuncin da bai rage masa ko maki ɗaya ba, wannan ai shafa mai ne. Ya dube ni ya ce, "Kamar na Silverstone ke nan?" Na ɗauki albasa na sa a baki.

Ra'ayina, wanda na faɗa masa a mota washegari kuma bai karɓa ba: Verstappen ya wuce gona da iri ranar Lahadi, amma waɗanda suka ƙyale shi a Burazil su suka nuna masa gonar ba ta da iyaka. Shi kuma nasa ra'ayin, Hamilton ya san sarai ana ba shi hanya, ya ƙi karɓa don layin nan, wayo ne ya haɗu da wayo aka hukunta ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ya fi faranta masa: tunda Verstappen ya ci tsere 9 a shekarar, Hamilton 8, in suka yi karo a Abu Dabi duka suka fita, kambun na Verstappen ne. Ya ce shi bai ce a yi ba, lissafi kawai yake. Na ce Allah ya shirye ka, Badamagare. Ya ce amin, tare da Kanawa.

Kawu ya rako mu har bakin lungu da ledar dabino da saƙon Hajiya. Ya tambaya wa ya ci, na ce Hamilton. Ya ce to an gama ke nan? Na ce a'a, sai mako mai zuwa. Ya girgiza kai ya ce mu gaida Riyad, mu bi a hankali.

Ban bi a hankali ba. Bayan mun wuce Muwaih titi ya buɗe, ba kowa, ƙarar jiya na cikin kunnena, ƙafata ta ɗan nutse. Ban ga kyamarar ba. Muna tsaye shan shayi a Zalm saƙo ya shigo wayar maigidana, shi kuma ya turo mini ba tare da ya ƙara ko kalma ɗaya ba: riyal 300. Badamagare ya karɓi wayar ya karanta a tsanake, ya miƙo mini, ya ce in kira su in ji ko za su karɓi 150.